Cire Gashin Ƙafa da Ƙaiƙayin Fata: Darasi Ga Masu Juna Biyu da Iyalansu

A ɗakin awo akwai tambayar da mata da yawa ba sa yi a gaban jama'a, sai bayan an watse sannan mace ta matso kusa da nas ta ce a hankali: "Tun da na samu cikin nan gashi yake ta fito mini a ƙafa da ciki, in na aske kuma sai ƙuraje da ƙaiƙayi. Ko akwai matsala?" Wannan darasi amsa ce ga wannan tambaya. A ido abin ƙarami ne, amma yankan reza ɗaya a ƙafar mai ciwon suga ko mai sikila kan zama gyambon da zai ɗauki watanni, kuma akwai ƙaiƙayin da ba ruwansa da aski, wanda yake gargaɗi ne game da lafiyar abin da ke ciki.

Me ya sa gashi ke ƙaruwa lokacin goyon ciki?

Kowane silin gashi yana da saiwa a cikin fata, kuma yana bin matakai uku: lokacin tsiro, lokacin tsayawa, da lokacin hutu wanda a ƙarshensa yake faɗuwa wani ya fito. Gashin kai kan yi shekaru yana tsiro, shi ya sa yake tsawo. Na ƙafa kuwa watanni kaɗan yake yi ya tsaya.

Abin da ke sarrafa waɗannan matakai su ne sinadaran jiki da ake kira homon. Idan mace ta ɗauki ciki, homon ɗin istirojin yana ƙaruwa sosai, sai ya tsawaita lokacin tsiro, gashin da ya kamata ya zube ya ci gaba da zama. Haka kuma akwai wasu homon da suka fi yawa a jikin maza, amma mata ma suna da su kaɗan, waɗanda kan ɗan ƙaru a wannan lokaci. Su ne ke sa gashi ya yi kauri a ƙwauri, cinya, ƙasan cibiya, wani lokaci har haɓa da saman leɓe.

Wannan ba cuta ba ce, kuma ba ya nuna namiji ko mace za a haifa, kamar yadda ake faɗa a gari. Ga yawancin mata ƙarin gashin yakan ragu da kansa cikin watanni 6 bayan haihuwa. Haka nan zubewar gashin kai da ke zuwa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa ba abin tsoro ba ce. Gashin da ya ƙi zubewa a baya ne yake zubewa lokaci guda.

Saboda haka abu na farko da za ki sani shi ne: barin gashin ƙafa ba ya cutar da ke ko jaririnki. Cire shi zaɓi ne. Idan kin zaɓa, ki yi ta hanyar da ba za ta ja miki rauni ba.

Matsaloli huɗu da ke biyo bayan cire gashi

1. Raɗaɗin reza. Reza ba gashi kaɗai take yankewa ba, tana kankare saman fata. Idan fatar a bushe take, ko rezar ta dakushe, wurin zai yi zafi da ƙaiƙayi cikin 'yan mintuna ko sa'o'i. Yakan lafa cikin kwana 2 zuwa 3.

2. Gashin da ya koma ciki. Gashin baƙar fata a murɗe yake fitowa. In an aske shi ƙwal, bakinsa ya zama mai tsini, sai ya lanƙwashe ya soki fata ya ci gaba da girma a ciki. Jiki kuma ya ɗauke shi baƙo, sai ƙurji ya taso. Wannan ya fi samun mu fiye da masu gashi miƙaƙƙe, kuma shi ne irin ƙurajen da maza ke fama da su a wuya bayan askin gemu.

3. Shigar ƙwayoyin cuta. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a kan fatar mutum ba tare da sun cutar da shi ba, sai sun samu ƙofa. Ƙananan tsagar da reza ke yi, waɗanda ido ba ya gani, su ne ƙofar. Daga nan ƙurji mai farin kai yake fitowa a gindin gashi, in ya yi zurfi ya zama maruru.

4. Baƙin tabo. Duk inda baƙar fata ta yi ƙurji ko aka sosa, takan bar tabo mai duhu. Ciki yana ƙara wannan, domin homon suna sa fata ta yawaita launinta, kamar yadda kike ganin baƙin layi daga cibiya zuwa mara da duhun kan nono. Tabon yakan dushe da kansa a hankali, amma yana ɗaukar watanni.

Hanyoyin cire gashi: wacce ta dace da mai ciki?

Almakashi da kilifa. Su ne suka fi sauƙi ga fata, domin suna rage gashin ba tare da sun taɓa fatar sosai ba. Wadda ke yawan samun ƙuraje ta riƙe wannan hanya.

Reza. Ba a hana ba, sai dai a bi ƙa'ida. Kuma ba gaskiya ba ne cewa aski na sa gashi ya ƙara yawa ko kauri. Abin da ke faruwa shi ne, gashin da aka datse bakinsa a gundule yake fitowa, sai hannu ya ji shi da kaushi.

Halawa da dangoginta. Halawar da masu gyaran jiki ke haɗawa da sukari da lemon tsami da ruwa tana tumɓuke gashi daga saiwa, don haka yakan yi makonni kafin ya dawo. Amma fatar mai ciki ta fi jin zafi da saurin kumburi. A gwada ɗuminta a bayan hannu kafin a shafa. Kada a sa ta a kan ƙurji, rauni, ko jijiyoyin jinin da suka kumbura suka murɗe a ƙafa. Kada kuma a yarda a yi miki da ragowar wadda aka yi wa wata. Bayan halawa a jinkirta dilka da turaren jiki aƙalla kwana 2, domin gurza fatar da aka tumɓuke wa gashi yana ƙara mata rauni.

Man cire gashi na kanti. Yana ɗauke da sinadari mai ƙarfi da ke narkar da gashi, kuma in ya daɗe yakan ƙona fata. A gwada a ɗan wuri kaɗan, a jira sa'o'i 24. Kada a wuce mintunan da aka rubuta a jikin kwalin. A yi a wuri mai iska, domin warinsa na tayar da zuciya. Kada ya kusanci cikin al'aura.

Na'urar leza da ta lantarki. Ba a yi isasshen binciken da ya tabbatar da amincinsu ga mai ciki ba, don haka likitoci ke cewa a bari sai bayan haihuwa. Ko a lokacin a nemi ƙwararre, domin leza wadda ba ta dace da baƙar fata ba tana ƙonawa.

Ƙa'idojin aski da reza

1. Ki zauna a kan kujera. Kada ki tsaya da ƙafa ɗaya a banɗaki mai santsi. Nauyin ciki yana sauya daidaiton jiki, faɗuwa kuma ta fi gashi haɗari nesa ba kusa ba.
2. Ki jiƙa wurin da ruwan ɗumi na 'yan mintuna don gashin ya yi laushi.
3. Ki sa kumfar sabulu marar ƙamshi mai ƙarfi. Kada ki yi aski a busasshiyar fata, musamman da hunturu.
4. Ki yi amfani da sabuwar reza mai mariƙi, ba tsirarar reza ba.
5. Ki bi yadda gashin ya kwanta, wato a ƙwauri daga sama zuwa ƙasa. Kada ki danna, kada ki yi ta maimaita wuri ɗaya.
6. Ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki tsane da tawul mai tsabta ba tare da gurzawa ba.
7. Ki shafa man kaɗanya ko basilin marar turare.
8. Ki sa tufafi masu sakewa. Matsattsen wando yana danne gashi ya koma ciki.

Idan ciki ya tsufa har ba kya ganin ƙafarki sosai, ki bari, ko maigida ko wata 'yar'uwa ta taimaka da kilifa.

Reza ta mutum ɗaya ce

Wannan gargaɗi na dukan gida ne. Ciwon hanta nau'in B da nau'in C da cutar ƙanjamau duk suna bin jini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ke jikin reza, ko da ido bai ga komai ba. Uwar da ta kamu tana iya sa wa jaririnta wajen haihuwa. Shi ya sa ake gwada jini a wurin awo, kuma ake so a yi wa jariri allurar rigakafin ciwon hanta cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Kada a yi tarayyar reza ko da tsakanin miji da mata ne, ko 'yan'uwa. Ranar askin suna ma iyali su tabbatar sabuwar aska aka buɗe a gabansu. Ki kuma tabbatar kin karɓi allurarki ta rigakafin tetanus, cutar da ke sa sarƙewar haƙora.

Idan ƙuraje sun riga sun fito

A dakatar da aski har sai fatar ta warke. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a ɗora na minti 10, sau 2 ko 3 a rana. Kada a matse, kada a tona da allura ko farce. Kada a zuba turare, sifirit, man goge baki ko maganin wanke ƙasa da ba a sirka ba. Raɗaɗin da suke yi ba alamar magani ba ce, ƙuna ce.

Mafi muhimmanci, kada baƙin tabo ya kai ki ga man bilicin. Da yawansu suna ɗauke da haidirokwinon, ko siteroyid mai ƙarfi irin kulobetasol, wasu har da zaiba. Zaiba tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, tana kuma lahani ga ƙwaƙwalwarsa da ƙodar uwa. Siteroyid mai ƙarfi kuwa yana sirantar da fata, ya sa rauni ya daɗe bai warke ba. Haka nan magungunan ƙuraje irin tiretinoyin ba na mai ciki ba ne, na sha daga cikinsu, aisotiretinoyin, yana haddasa mummunar nakasa ga jariri. Ƙwayar sifironolakton da ake ba wasu mata masu yawan gashi ita ma ba a shanta da ciki. Duk wadda take kan irin waɗannan magunguna ta gano tana da ciki, ta garzayo asibiti da kwalin a hannunta.

Kada ki yi aski don shirin haihuwa

A da asibitoci kan aske wa mace gashin mara kafin haihuwa ko tiyata. An daina ba da wannan shawara. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi amfani da reza a wurin da za a yi tiyata, in cire gashin ya zama dole a yi da kilifa. A 2018 kuma ta ce ba a buƙatar askin gaba kafin haihuwa ta hanyar da aka saba. Dalili shi ne ƙananan tsagar reza suna ƙara haɗarin ruɓewar ɗinki. Don haka idan watan haihuwarki ya kama, ki ci gaba da tsabtarki da almakashi ko kilifa. Babu ma'aikaciyar da za ta raina ki saboda gashi. Bayan haihuwa ma kada reza ta kusanci ɗinki sai ya warke, kuma a lura da zafin ruwan wankan jego.

Waɗanda za su ƙara kula

Mai ciwon suga, har da sugan da ke zuwa da ciki, rauninta ba ya saurin warkewa. Mai sikila ta guji reza a kusa da idon sawu, domin a nan gyambonsu ya fi fitowa. Wadda fatarta ke yin tabo mai tudu bayan huda kunne ko rauni, da wadda ƙafafunta suka kumbura sosai, su ma su riƙe kilifa.

Alamomin da ke buƙatar asibiti a ranar

1. Ja ko kumburin da ke yaɗuwa, da zafi, mugunya ko zazzaɓi.
2. Ƙafa ɗaya ta kumbura fiye da ɗayar, sharaɓa na ciwo da ɗumi. Wannan na iya zama daskarewar jini a jijiya. Kada a matsa ta, kada a ja. In numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya yi ciwo, a taho nan take.
3. Ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa ba tare da ƙuraje ba, wanda ya fi tashi da dare, musamman a watannin ƙarshe. Wannan na iya zama matsalar hanta ta masu ciki, wadda ke da haɗari ga jariri. Gwajin jini ne ke tabbatar da ita.
4. Kumburin fuska da hannaye farat ɗaya, da ciwon kai ko gani dishi-dishi. Alamar hawan jini ce da kan kai ga jijjiga.
5. Gashi mai yawa da ya fito cikin ɗan lokaci tare da sauyawar murya zuwa irin ta maza.
6. Raunin da ya wuce mako guda bai nuna alamar warkewa ba.

Ga maigida da uwar miji

Sauyin jikin mai ciki ba sakaci ba ne. Maganar tsokana a kan gashi ko duhun fata ita ce ke tura mata da yawa kemis su sayo man da zai cutar da su da abin da ke cikinsu. Ku kwantar mata da hankali, ku saya mata rezarta ko kilifarta ita kaɗai, in kuma ta yi kukan ɗaya daga cikin alamomin nan shida, ku kawo ta ba tare da jiran ranar awo ba.

Duk mai sauran tambaya ta yi wa nas ko ungozoma a ranar awonta. Babu kunya tsakanin majinyaci da mai duba shi. Allah Ya raba lafiya.