Gyaran Fankar Tsaye Kafin Bazara: Aikin da Dattijo Zai Yi a Zaune

A Lambara da ƙauyukan da ke tsakanin Shagari da Bodinga, hunturu kan wuce ya bar mana ƙura a kan akwati, a cikin rediyo, har cikin fankar da aka jingine a kusurwar ɗaki tun watan Nuwamba. Kafin a ankara Maris ya shigo, Afrilu na biye da zafin da kan haura digiri 40. A jawo fanka a kunna, ta yi gurnani ta ƙi juyawa. Daga nan sai neman yaron da zai ɗora ta a babur ya kai wa mai gyara, a biya kuɗin hanya, a biya na aiki, a kwana uku ana fifita.

Malam, abu uku ne suka fi kwantar da fankar tsaye: ƙura, bushewar mai, da mutuwar wani ɗan akwati da masu gyara ke kira kafasita. Babu wanda ke neman ƙarfin saurayi a cikinsu. Natsuwa suke so, kai kuwa kana da ita. Sharaɗi ɗaya nake gindaya wa duk wanda ya haura sittin: aiki ya sauko inda kake, kada ka hau masa. Duk matakan nan a kan tabarma ake yin su. Inna da ta saba ɗiga wa keken ɗinkinta mai ita ma za ta iya, don aikin ɗan'uwan wancan ne.

1. Zaɓi lokaci. Ƙarshen Fabrairu ya fi, kafin zafi ya matsa ka yi aiki cikin gaggawa. Fara da hantsi, bayan ka karya kumallo, a bakin zaure ko inuwar dogonyaro inda haske ya wadata. Kada ka yi da dare da tocila a baki. Ware sa'a biyu da babu wanda zai kira ka.

2. Tara kayan aiki kafin ka zauna, don yawan tashi da zama shi ke gajiyar da gwiwa. Kana buƙatar sukudireba biyu, mai faɗin baki da mai kan tauraro, masu mariƙin roba. Sai filaya, baƙin salatif na wuta, tsohon burushin goge baki, tsumma busasshe, ɗan kananzir a murfin kwalba, da man keken ɗinki. Ɗauko farin kwano mai zurfi na zuba sukuru. Sukurun da ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan, idon matashi ma wahala yake sha kafin ya gano shi. Sa tabaranka. Idan akwai jika mai waya a kusa, zaunar da shi.

3. Saurari fankar kafin ka buɗe ta. Jona ta da wuta, ko ta NEPA, ko janareta, ko inbatar sola, ka danna lamba mafi ƙarfi. Idan ta yi gurnani ba ta juya ba, zura siririn kara ta cikin raga ka ɗan tura fiffike. Kara, ba yatsa ba. In ta ɗauka da kanta ta ci gaba, zargi kafasita. In ta motsa da ƙyar ta sake tsayawa, mai ne ya bushe. In ko gurnanin ba ta yi ba, matsalar tana fulogi, waya, makunni, ko cikin injin. Kada ka bar ta tana gurnani fiye da ƙidayar goma, zaren jan ƙarfen cikin injin, wato koyil, ne ke ɗaukar zafi. Ka kuma duba ƙwan fitilar ɗaki: in ya yi ja ja, wutar ce ba ta da ƙarfi, ƙila fankar lafiyarta lau.

4. Zare fulogi daga bango. Kashe maɓallin jikin fanka bai isa ba. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, tana kisa, kuma zuciyar dattijo ba ta jure abin da ta saurayi ke jurewa. Jawo kan fulogin ka ajiye shi a kan tabarma kusa da gwiwarka, inda idonka ke kansa, don kada wani yaro ya mayar da shi da niyyar taimako. In ka yi alwala, bari hannu ya bushe sarai.

5. Duba fulogi da waya, musamman in fankar shiru ta yi. Bi wayar da yatsu daga kai har gindi, kana neman inda ɓera ya ci ko inda ƙafar gado ta danne. Kwance fulogin mai baki uku. Waya mai ruwan ƙasa ita ce mai ɗauke da wuta, tana zuwa wajen fis. Shuɗiya ita ce abokiyarta. Mai kore da rawaya, in akwai ta, tana zuwa dogon bakin da ke sama. A tsofaffin kaya za ka ga ja da baƙa a madadin biyun farko. Ɗaure wadda ta kwance. In fis ya mutu sa wani, mai lamba 3 ya ishi fanka. Kada ka naɗe shi da takardar sigari ko zaren waya. Kada kuma ka yanke fulogi ka cusa waya tsirara a soket da tsinken ashana. Gobara da yawa daga nan take tashi.

6. Kwantar da fankar, ko ka sassauta maɗaurin sandarta ka rage mata tsawo har kanta ya zo daidai ƙirjinka a zaune. Akwai zobe da ke haɗa ragar gaba da ta baya, da ɗan sukuru ɗaya a ƙasa. Kwance shi, jefa a kwano, ɓalle 'yan maƙalan, ɗage ragar gaba.

7. Cire fiffike. A nan ne sabon hannu ya fi yin ɓarna, don haka tsaya ka ji. Murfin robar da ke riƙe fiffike a tsakiya a juye yake ɗauruwa. Riƙe fiffike da hannu ɗaya, ka murɗa murfin zuwa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, sai ya kwance. In ka murɗa hagu yadda ka saba, ƙara ɗaure shi kake yi har ya tsage. An yi shi haka ne don kada juyawar fanka ta kwance shi. In yatsu ba su da ƙarfin riƙo, naɗa masa guntun robar tsohon tub na keke. Bayan ya fita, jawo fiffiken kai tsaye da hannu biyu daga tsakiya. Kada ka ja ta bakin fiffike ɗaya, zai lanƙwashe, fanka ta riƙa rawa har abada. Babban zoben robar da ke riƙe ragar baya shi kuma hagu ake kwance shi, kamar kowane noti.

8. Ba yaro raga da fiffike ya wanke da ruwa da sabulu, ya shanya a inuwa. Ranar Sakkwato tana gasa roba ta yi gautsi. Ruwa kada ya kusanci injin.

9. Buɗe murfin injin. Ɗan maɓallin da ake ja sama don hana fanka waige-waige yana da sukuru a cikinsa ko kuma fizge shi ake yi. Cire shi, kwance sukurun da ke bayan murfi, zare murfin. Kafin ka taɓa komai, jika ya ɗauki hoto da waya ta gefe biyu. In babu waya, zana wayoyin a takarda ka rubuta launinsu, da boko ko da ajami, wanda ya fi maka sauƙi. Kada ka dogara da cewa za ka tuna.

10. Sunsuna, ka duba. Zaren jan ƙarfe da aka naɗa a cikin injin shi ne koyil. Lafiyayye yana ƙyalli kamar sabon tagulla. In ya yi baƙi, ko ka ji ƙaurin ƙonewa, tsaya nan. Haka ma in fulogi da waya lafiya suke amma fankar ko gurnani ba ta yi: akwai wani ɗan fis da aka binne cikin koyil wanda ke yankewa in zafi ya yi yawa, canza shi sai mai na'urar awo da ƙarfen narka dalma. Mayar da murfi ka aika wa masu naɗin koyil. Kada ka yarda a tsallake wannan fis a haɗa waya kai tsaye, shi ke hana fanka kamawa da wuta kana barci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sanin inda za ka tsaya yana cikin gyaran.

11. In koyil lafiya yake, share ƙura da burushi, a hankali, kada ka tsinke siraran wayoyi. Sai ka murza sandar ƙarfen da fiffike ke zama a kanta da yatsu biyu. Lafiyayya takan ci gaba da juyawa kaɗan bayan ka sake ta. In ta cije, ga ciwon nan. Sandar tana ratsa zobba biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, masu gyara suna ce musu bushin. Kowanne yana da ɗan audugar da ke riƙe mai. Ƙurar hunturu ce ke shanye man, ta bar wata dauɗa mai danƙo. Warware gashi da zaren da suka naɗe sandar. Jiƙa bakin tsumma da kananzir ka goge ta har ta yi haske. Ɗiga ɗigo biyu na kananzir a bakin kowane bushin, ka yi ta murzawa kana goge baƙin da ke fitowa. Bar shi ya sha iska kamar minti goma sha biyar. Sannan ɗiga man keke, ɗigo uku gaba, uku baya, ka karkata injin don ya gangara ciki. Murza, tura sandar gaba da baya, jira minti goma, ƙara ɗigo ɗaya ɗaya. Man gyaɗa da manja ba su da wuri a nan. Ranar farko fanka za ta yi gudu, bayan 'yan makonni su daskare su zama ƙaro. Baƙin man da aka juye daga babur shi ma cike yake da garin ƙarfe. Kada mai ya zuba a kan koyil.

12. Nemo kafasita. Baƙin ɗan akwati ne da bai kai gidan ashana ba, waya biyu na fita daga jikinsa. Shi ke ba injin turin farko. Taɓa bakunan wayoyinsa biyu tare da ƙarfen sukudireba, hannunka a kan roba, don ya sauke ragowar wutar da ya riƙe. In ya kumbura ko ya tsage, ya mutu. Yakan kuma mutu ba tare da wata alama ba, shaidarka ita ce abin da ka gani a mataki na uku. Karanta lambar jikinsa. Na fankar tsaye yawanci tsakanin 1 da 2 ne, kamar 1.2 ko 1.5, da alamar µF a gaba, sai wata lamba 400V ko 450V. Kwafe su daidai. In ba a samu a Shagari ko Bodinga ba, ba mai zuwa Sakkwato sallahu, ka haɗa shi da tsohon ya nuna a shagon kayan wuta. Wani zai ce a sa mai babbar lamba don fanka ta ƙara gudu. Za ta ƙara, amma koyil ne zai biya da ransa. Lambar farko ta zama daidai da tsohuwa. Ta biyu in ta fi ba laifi, kada dai ta gaza.

13. Sa sabon. Yanke wayoyin tsohon dab da jikinsa don a bar tsawo a ɓangaren injin. Fere bakin kowace waya kamar faɗin farce. Kafasitan fanka ba shi da dama da hagu, kowace waya za ta iya zuwa kowane gefe. Murɗa su sosai da filaya, ka ɗan ja ka ji ba za su zare ba. Naɗe kowane haɗi daban da baƙin salatif, zagaye biyar ko shida, kada jan ƙarfe ko sili ɗaya ya leƙo. Ɗaure akwatin a mazauninsa, ka kawar da wayoyi daga hanyar sandar. Gwada da hoton da aka ɗauka.

14. Mayar da komai daga na ƙarshe zuwa na farko: murfin injin, maɓalli, ragar baya da zobenta, fiffike, murfinsa, ragar gaba. Bayan fiffike akwai tsaga da ke zama a kan 'yar ƙusar da ta gitta sandar, tabbata ta zauna. Murfin fiffike yanzu hagu ake ɗaure shi. Leƙa kwano. In sukuru ya rage, akwai inda ka tsallake.

15. Sai an rufe raga za a gwada. Tsayar da fankar, jona ta, fara da lamba mafi ƙarfi, sannan ka sauko. Bar ta minti goma, kashe, zare fulogi, ɗora bayan hannu a murfin injin. Ɗumi ba komai. Zafin da ba ka iya barin hannu a kai, ko ƙauri, alamar a kai wa mai gyara ne.

16. Rubuta watan da ka sa mai a guntun takarda ka manna a sandar. Sake ɗigawa idan damina ta kama. Idan Nuwamba ta zo, lulluɓe kan fankar da tsohon zane ka ɗaure. Ranar da zafin ɗaki ya haura digiri 40 kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fanka ita kaɗai ƙara wa jiki zafi take yi. Jiƙa fata ko riga da ruwa kafin ka zauna gabanta, ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, don tsufa na rage jin ƙishirwa.

Fankar caji ba ta da irin wannan kafasita. In ta daina riƙe wuta, batirin da ke gindinta ne ya gaji. Buɗe, kwafe lambarsa, sayo irinsa, jar waya ga jan baki, baƙa ga baƙi. A nan juya waya yana ƙona ta.

Fankar sama ita ma kafasita ke yawan kashe mata gudu, nata galibi 2.5 ne, yana cikin murfin da ke saman injin. Amma ba kai za ka hau ba. Ɗaga kai sama da hannu biyu a miƙe yana kawo jiri, balle ga mai shan maganin hawan jini, kuma ƙashin ƙugun da ya karye bayan sittin kan kwantar da mutum watanni, wani ba ya sake tashi. Kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni, da janareta da inbata, don makunnin bango wani lokaci a kan wayar da ba ta dace ba aka ɗaura shi. Saurayi ya hau tebur mai ƙwari, ba turmi ko jarka ba, wani ya riƙe masa ƙafar teburin. Ya yanko tsohon kafasita ya miƙo maka. Kai kana ƙasa da tabarau, ka karanta lamba, ka fere wayoyin sabon, ka miƙa masa da salatif, ka sa ya ja kowane haɗi a gabanka kafin ya naɗe.