Daga Kyamara Zuwa Kwamfuta: Yadda Ɗalibin Harshe Zai Adana Hotunan Bincikensa

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wani ɓangare na aikin bincike da ba kasafai ake koyar da mu shi a aji ba, wato kwashe hotuna daga kyamara zuwa kwamfuta da kuma ɗora manhajar gyara su. Ni mazaunin Tumfure ne, unguwar da ke kan hanyar Bauchi idan an fito daga cikin garin Gombe, kuma aikin da nake yi ya shafi ƙa'idojin rubutu a allunan shaguna da jikin motoci da keke-napep. Wanda ya bi titin nan zai ga inda aka rubuta "ana saida kankara", wani wurin kuma "ba'a fitsari anan". A wurin mai wucewa sanarwa ce kawai. A wurin ɗalibin harshe kuwa hujja ce, domin lanƙwasar da ta raba "k" da "ƙ" ita ce abin nazarin. Saboda haka hotonmu ya sha bamban da hoton biki. Na biki ana so ya yi kyau, namu kuwa ana so ya tsaya yadda aka ɗauke shi.

Kwashe Hotuna

Tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, a daidaita kwanan wata da lokaci a kyamara. Dalili shi ne kowane hoto yana tafe da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF, mai nuna rana da sa'a da irin kyamarar da ta ɗauke shi. Ran da malami mai duba kundi ya tambayi yaushe aka ga wannan allo, bayanin nan ne zai ba da shaida.

Hanya biyu ce aka fi bi. Ta farko ita ce a haɗa kyamara da kwamfuta da igiyar USB. Ta biyu kuma a zare katin ajiya, wanda aka fi sani da memori, a sa shi a ramin da ke gefen kwamfuta ko a 'yar na'urar karanta kati. Ni na fi son ta biyu, domin idan batirin kyamara ya mutu ana tsakiyar kwashewa, fayil na iya lalacewa. Bugu da ƙari, babban katin SD yana da ɗan makulli a gefensa. Idan aka ja shi ƙasa, kwamfuta za ta iya karanta katin amma ba za ta iya rubutu ko goge komai a kansa ba. Wannan ɗan makulli ya fi amfani ga wanda ba shi da kwamfutar kansa, sai ya je shagon buga takardu. Kwamfutocin irin waɗannan shaguna filashi ɗari ke shiga cikinsu a yini, kuma ta nan ne cutar nan mai ɓoye folda ta bar gajerar hanya a madadinta take yaɗuwa.

Da an buɗe katin za a ga folda mai suna DCIM. A cikinta hotunan suke. Mai amfani da wayar Android shi ma ita zai nema, sai dai bayan ya jona igiya dole ya zaɓi aika fayil a fuskar wayar, in ba haka ba caji kawai za ta riƙa yi.

A nan ne nake so 'yan'uwana ɗalibai su natsu. A kwafa, kada a yanke. Mai yankewa yana ɗauke hoto ne daga kati kacokan, in wani abu ya gitta a hanya ya yi biyu babu. Bayan an kwafa, a ƙirga a tabbatar adadin ya yi daidai, a buɗe wasu a gani, sannan a umarci kwamfuta ta saki katin kafin a zare shi. Kada a goge na kan kati sai an sami kwafi a wuri biyu, misali a kwamfuta da filashi, ko a ma'ajiyar intanet irin ta Google Drive.

Sai kuma batun WhatsApp. Da yawanmu mukan tura wa kanmu hoto ta nan don sauƙi, alhali manhajar tana matse shi, ta rage girmansa, ta kuma cire bayanin EXIF. A hoton mutum ba za a lura ba. Amma a ɗauki shafin ajami da aka rubuta da hannu irin na makarantun allo, inda "fa" ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, "ƙaf" kuma ɗigo ɗaya a sama, ga kuma ɗigon imala mai nuna wasalin "e". Hoton da aka matse yakan sa ɗigo ya saje da dattin takarda, mai nazari ya karanta abin da marubuci bai rubuta ba. In tura shi ya zama dole, a tura shi a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba.

Folda da Suna

Ina buɗe folda biyu, ɗaya "Asali", ɗaya "Gyara". Abin da ya shiga ta farko ba na sake taɓa shi. Sunan da kyamara ke bayarwa, irin su IMG_0457, ba ya gaya wa kowa komai, don haka nakan sauya shi zuwa 2025-03-14_Tumfure_allo_01. Fara wa da shekara yana sa hotuna su jeru da kansu bisa tsarin lokaci. Duk da cewa muna fafutukar a riƙa rubuta baƙaƙe masu lanƙwasa, ina ba da shawarar a guje su a sunan fayil, domin wasu tsofaffin na'urori kan mayar da su alamar tambaya.

Ɗora Manhaja

Sunan da kowa ya sani shi ne Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1990. Tun 2013 sababbin zubinta sun koma na biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, abin da ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Waɗanda aka fasa ake yawo da su a filashi kuwa, sau da yawa da cuta suke zuwa. Picasa da yayyenmu suka yi yayi, Google ya daina kula da ita tun 2016.

Wadda nake amfani da ita ita ce GIMP, kyauta ce, kuma ɗalibai biyu ne suka faro ta a 1995 a Jami'ar Kalifoniya da ke Barkili a Amurka, wato Spencer Kimball da Peter Mattis. Zubi na 3.0 ya fito a watan Maris na 2025, yana kuma buƙatar Windows 10 ko sama da haka. Mai tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 sai ya nemi zubi na 2.10. A sauko da ita daga gidanta, wato gimp.org, kada a ɗauka daga kowane shafi da ya yi tallarta. Fayil ɗin ya haura megabayit 100, don haka mutum ɗaya ya sauko da shi ya raba wa 'yan ajinsu, babu laifi a hakan domin lasisinta ya yarda. A tabbatar akwai caji kafin a fara, a danna fayil ɗin sau biyu, a bi umarnin har ƙarshe. Mai son sauya wa hotuna ɗari suna a lokaci guda, ƙaramar manhajar IrfanView ta fi saurin yi masa wannan.

Iyakar Gyara

Gyara uku ne nake ganin sun halatta ga mai bincike: a miƙar da hoton da ya karkace, a datse gefen da ba a buƙata, a ƙara haske idan hazon hunturu ya dusashe rubutu. Goge wani ɗigo ko ƙara wa harafi lanƙwasa don ya dace da abin da ake son faɗa, wannan ya zama ƙirƙirar hujja. Abu ɗaya da ya kamata a rufe shi ne lambar wayar mai shago da fuskokin mutane, musamman idan ba a nemi izininsu ba.

A lura, GIMP tana adana aikinta da tsarin XCF, wanda Microsoft Word ba ya buɗewa. Sai an bi ta "Export As" kafin a sami hoton da zai shiga kundi. Tsarin JPEG yana zubar da wani abu na ingancin hoto duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa, saboda haka rubutun ajami gara a fitar da shi a PNG ko TIFF. Don bugawa kuwa, hoto mai faɗin santimita 15 da tsawon 10 yana buƙatar kimanin ɗigon fiksel 1800 da 1200 kafin ya fito tangaran.

Idan za a sa bayani a ƙarƙashin hoto, a zaɓi salon rubutu mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ na tsarin Unicode, kamar Charis SIL ko Andika. Salon Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar ya yi wa Hausa hidima a zamaninsa, sai dai rubutun da aka yi da shi yakan rikice a kwamfutar da ba a ɗora mata shi ba, kuma yawancin shagunan da muke kai kundi bugawa ba su da shi.