RENON ƘWAYOYIN JINI A CIKIN KWALBA: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Sau da yawa akan ɗebi jinin mutum a asibiti, ya koma gida yana tunanin abin da za a yi da shi. Wani ma, ko a Dilimi cikin garin Jos, ko a can ƙauye, yakan ƙi bayarwa saboda jita-jita. An shirya wannan bayani ne domin jama'a su san ɗaya daga cikin ayyukan da masana ke yi da jini, da amfaninsa, da kuma hakkin mai bayarwa.

Dakarun Da Ke Cikin Jini

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina a jiki, akwai kuma farare masu tsaronsa. Cikin fararen nan akwai wani jinsi da ake kira ƙwayoyin T, saboda suna samun horo a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimus. Waɗansunsu suna hallaka duk ƙwayar jikin da cuta ta shige ta. Waɗansu kuwa, watau CD4, su ne masu tsara yaƙin, tamkar madawaki a fagen fama. Lafiyayyen mutum yana da CD4 wajen 500 zuwa 1,500 a ɗan ɗigon jinin da bai kai ƙwayar gero ba. Su ne cutar ƙanjamau take ci, in kuwa suka gaza 200, to, garkuwar jiki ta karye.

Yadda Ake Renonsu

Da farko akan juya jinin da sauri a cikin na'ura, har ya rabu hawa-hawa, a kwashe fararen. Sa'an nan a zuba su cikin kwalba mai ruwan abinci, wanda aka haɗa da sukari da gishiri da sauran abubuwan gina jiki. A ajiye kwalbar a akwati mai ɗumin jikin mutum, watau digiri 37. Daga nan sai a zaburar da su, su yi ta rabuwa gida biyu, har kaɗan su zama miliyoyi cikin mako biyu. Tsabta ita ce uwar aikin, gama ƙwayar cuta ɗaya tak in ta faɗa kwalbar, wahalar makonni ta tashi a banza.

A da, ƙwayoyin nan ba su daɗewa a wajen jiki sai su mutu. A 1976 masana uku a Amurka, Doris Morgan da Francis Ruscetti da Robert Gallo, suka gano wani sinadari da jiki ke yi, wanda ke sa su ci gaba da hayayyafa. Shi ne ake kira intalukin-2 yanzu. Da irin wannan reno ne masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka ware ƙwayar cutar ƙanjamau a 1983, daga kaluluwar wani majinyaci. Wannan ya buɗe hanyar gwajin jini da magungunan da masu cutar ke karɓa yau a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da sauran asibitocin Nijeriya.

Darasi Daga Vom

Renon ƙwayoyin halitta a kwalba ba baƙon abu ba ne a ƙasar Filato. Tun 1924 aka kafa wurin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kudu da Jos, musamman saboda ciwon bushiya mai share garke. Wani likitan dabbobi Baturen Ingila, Walter Plowright, ya yi aiki a can a shekarun 1950, kafin ya koma Muguga ta Kenya. A Muguga ne ya yi ta renon ƙwayar bushiya a kan ƙwayoyin ƙodar maraƙi, daga kwalba zuwa kwalba, har ƙarfinta ya karye, ta zama allurar rigakafi. A 1962 aka soma babban gangamin yi wa shanu allura a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, a 2011 kuma aka tabbatar bushiya ta ƙare a duniya. Kowane makiyayi ya ci moriyar kwalbar nan, ko da bai taɓa ganinta ba.

Magani Daga Jinin Majinyaci

Yanzu ilmin ya kai ga ana ɗebe ƙwayoyin T na mai sankarar jini, a gyara su yadda za su gane sankarar, a rene su, a mayar masa. Hukumar magunguna ta Amurka ta fara amincewa da wannan hanya a 2017. Amma tana da tsada ƙwarai, tana da haɗari, ba ta kuma yi wa kowace sankara. Sai babban asibiti mai kayan aiki na musamman ke iya yinta. Saboda haka a yi hattara da duk wanda ya zo da kwalba a jaka, yana cewa zai sabunta wa mutum jini in an biya shi.

Hakkin Mai Ba Da Jini

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a sa mutum cikin bincike sai da yardarsa. Wanda aka nemi jininsa domin bincike ya kiyaye waɗannan:

1. A yi masa bayani da harshen da yake ji, ya san manufar binciken da inda za a kai jinin.
2. Ya tambaya ko kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin.
3. Kada ya sa hannu, ko ya dangwala, a takardar da bai fahimta ba.
4. Yana da ikon ƙi, ko ya janye daga baya, ba kuwa za a hana shi magani ba.
5. Sunansa da sakamakonsa amana ne a hannun likita.

Jinin da ake ɗiba bai wuce 'yan cokula ba, jiki kuma yana mayar da shi ba da daɗewa ba. Wanda ya fahimta ya bayar, ya taimaki 'yan baya. Wanda yake shakka kuwa ya nufi likita ko jami'in lafiya mafi kusa da shi, gama matambayi ba ya ɓata.