Kiwon Kaji a Gida: Mafarinsa da Kalmomin da Suka Keɓanta da Shi

Kiwon kaji na daga cikin ƙananan sana'o'in da suka daɗe a gidan Bahaushe, kuma galibi mata da yara ne ke riƙe da shi. Kaza ita ce asusun matar aure: a sayar da ita idan yaro ya kwanta ciwo, a yanka ta idan baƙo ya sauka. Saboda haka ɗalibin da zai koyar da al'adun Hausawa yana buƙatar sanin yadda ake fara wannan kiwo, tare da kalmomin da suka keɓanta da shi.

Mai son farawa ba ya buƙatar jari mai yawa. Sagara uku ko huɗu, wato 'yan matan kaji da ba su fara ƙwai ba, da zakara guda sun wadatar, domin zakara ɗaya yana isar kaji kimanin goma. A al'ada ma akan fara ba tare da kuɗi ba, inda mace za ta karɓi kaza kiwo daga 'yar'uwarta, in ta ƙyanƙyashe su raba 'ya'yan bisa abin da suka shirya. Kazar gida takan fara ƙwai tana da kimanin wata 6. Idan ta tara goma zuwa goma sha biyu sai ta shiga kwanci, bayan kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Akan kuma sa mata ƙwan zabo, wanda shi yakan kai kwana 26 zuwa 28. Akwai nau'o'in da aka inganta, irin su ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar domin yawan ƙwai. Sai dai su suna buƙatar abinci na saye da kulawa ta kullum, don haka mai koyo ya fi dacewa ya fara da na gida.

Kafin a kawo kaji sai an tanadi akurki, wanda akan gina da laka a gefen gida, a bar masa ƙofar da za a toshe da dare da 'yan kafofin shan iska. Akan share shi, a barbaɗa toka saboda ƙuma. Kazar gida tana tono ta ci, amma tono kaɗai ba ya riƙe ta, musamman da rani. Dusa, gero, dawa da ragowar tuwo su ne ƙarinta, sai ruwa mai tsabta da bai kamata ya yanke ba. 'Yan tsaki kuwa akan ba su tsaki da gara, a kife su da kwando a makonnin farko, domin a lokacin ne shaho da shirwa suka fi ɗauke su, muzuru kuma ya biyo dare.

Babbar asarar mai kiwo ba daga shaho take zuwa ba. Cutar Newcastle, wadda takan yi ƙamari da hunturu, tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki. Kaza za ta takure, ta yi zawo kore, numfashi ya yi mata wuya, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma ba ta da magani idan ta kama, don haka jiƙa barkono ko sassaƙen maɗaci a ruwan sha, kamar yadda aka saba, ba ya hana ta. Rigakafi ne mafita, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa shi. Ana ba da wani a ruwan sha, wani a ɗiga a ido. Hanyar da cutar ta fi shiga gida ita ce sabuwar kazar kasuwa, domin wanda annoba ta faɗa wa yakan yi hanzarin sayar da sauran da araha. Wajibi ne a ware kowace sabuwar kaza na mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Idan kaji suka riƙa mutuwa farat ɗaya, sai a sanar da malamin dabbobi, a binne matattun, kada a ci, domin murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a Jihar Kaduna a shekarar 2006, tana iya kama mutum.

Ta fuskar harshe, wannan kiwo fage ne mai albarka ga malami. Jam'in kaza shi ne kaji, inda /z/ ta koma /j/ a gaban wasalin /i/, wato misalin ganɗantawa da yaro zai gane nan take. Kalmar tsaki tana nufin jam'in tsako, da barzajjen hatsi, da kuma sautin nuna ƙyama. Tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, muhallin magana ne ke rarrabe su. Haka nan yaron da ya taɓa ganin shaho ya kawo sura ba ya buƙatar dogon sharhi a kan "ana muzuru ana shaho", kuma wanda ya ga akurki ya wayi gari wayam zai fahimci dalilin da ya sa aka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Aiki: Kowane ɗalibi ya tattauna da mai kiwon kaji a unguwarsu, ya tattaro kalmomi ashirin na wannan sana'a a karin harshen yankinsa, sannan ya tsara darasin minti 35 a kansu domin 'yan aji huɗu na firamare.