Tsohuwar Bindiga: Yadda Ake Gane Lafiyar Bututunta

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu akwai magidanta da dama, maharba da masu gadi da fatake, waɗanda suka gaji bindigogi daga iyaye da kakanni. Wasu bindigogin toka ne ƙirar maƙera, irin waɗanda mutanen Awka suka yi suna a kansu. Wasu kuwa masu baki biyu ne da aka shigo da su daga Ingila ko Beljiyam tun zamanin Turawa. Abin da ya kamata mai irin wannan bindiga ya sani shi ne, in bututu ya fashe, hannun mai harbi da idonsa ne ke fara shan wahala.

Da farko a san irin ƙirar. A da, maƙeran Turai sukan murɗa sandunan ƙarfe iri biyu, su naɗe su, su dake su har su zama bututu. Ana kiran wannan ƙirar Dimashƙa, ana kuwa gane ta da zane mai kama da igiya a jikin ƙarfen. An yi yawancinsu ne domin baƙin albarushi mai hayaƙi. Tun daga 1884, lokacin da aka ƙago albarushi maras hayaƙi a Faransa, harsashi ya sake hali, ƙarfin bugunsa ya ƙaru. Saboda haka sa harsashin zamani a bututun da aka yi domin baƙin albarushi ganganci ne.

Na biyu, a duba hatimi. Tun 1813 akwai gidan gwajin bindigogi a birnin Bamingam na Ingila, inda ake harba kowace bindiga da cikin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi a ƙasan bututu. Haruffan NP ko BNP suna nuna an gwada ta da albarushi maras hayaƙi. Amma hatimi shaida ce ta ranar gwaji kaɗai, ba ya hana tsatsa ta yi aikinta daga baya.

Na uku, tsawon mazaunin harsashi. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa inci biyu da rabi ne, watau milimita 65, alhali harsashin da ya fi yawa yanzu milimita 70 ne. Dogon harsashi yakan shiga, bindiga ta rufu lafiya, amma in an harba ba shi da wurin buɗewa sosai, sai matsi ya ƙaru a ciki.

Na huɗu, tsatsa. Wanda ke zaune kusa da ruwa, kamar wajen Kasuwar Creek Road a Fatakwal, ya san yadda raɓa da iskar gishiri ke cin ƙarfe. A tabbata babu harsashi, a buɗe bindiga, a ɗaga bututu wajen haske a leƙa daga gindi. In an ga ramuka, ko kumburi, ko lotsawa, ko tsaga komai ƙanƙantarta, to, a ajiye ta. A kuma duba ko laka ko gidan zanzaro ya toshe ta, domin toshiya tana fasa har sabon bututu. Masana sukan cire bututu su rataye shi su ƙwanƙwasa: in ya yi ƙara garau, haɗin bututun biyu na nan daram, in kuwa ya yi sautin fasasshiyar tukunya, haɗin ya saki. Wannan dabara ba ta faɗin kaurin ƙarfe, sai maƙeri mai izini ya auna da ma'auni.

Game da bindigar toka, a tuna cewa takan shekara da ɗuri a cikinta. A zura sanda a auna zurfinta, a gwada da tsawon bututun daga waje, kada kuwa a sa fuska a bakinta. Wadda aka ƙera da famfon ruwa ba abar amincewa ba ce, gama famfo yana da ɗinki a tsawonsa. Ɗaure bindiga a jikin itace a ja kunamarta da igiya shi ma ba gwaji ba ne, tana iya jure harbin farko ta fashe a na biyu.

Daga ƙarshe, Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba tare da lasisi ba, ta kuma hana ƙira da gyara sai da izini. Lasisi na mai shi ne, ba a gadonsa. Wanda ya gaji bindiga ya sanar da 'yan sanda, in kuwa akwai shakka a kan lafiyarta, kada a harba ta. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.