DARASIN YAU: NA'URAR DA KE SHINSHINO GUBA A CIKIN ISKA



'Yan uwa magidanta, hayaƙin janareto da na gawayi suna ɗauke da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200, shi ya sa mutum zai kwanta lafiya a ɗaki rufe, a wayi gari babu shi.

To, yaya na'ura take gane abin da hanci ya kasa?

A shekarun 1960 wani Bajapane, Naoyoshi Taguchi, ya ƙera ta da sinadarin kuza, irin wadda ake haƙowa a Jos. Ana ɗumama ƙwayar kuzar da wuta. Oksijin na iska sai ya manne a jikinta, ya tare wa lantarki hanya. Da gas ya iso, sai ya haɗu da wannan oksijin ya ɗebe shi, hanya ta buɗe, lantarki ya ƙaru, ƙararrawa ta ɗau kuka.

Yanzu masana suna mayar da kuzar ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, da ake aunawa da nanomita, wato kashi 1 cikin biliyan na mita. Kun san garin magani ya fi saiwa saurin jiƙa, don ruwa yana taɓa shi ta ko'ina. Haka nan ma. Sannan su gauraya ta da girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra 1 da aka fitar a Manchesta a 2004, ko da ɗigon zinare. Kuza ta kama gas, girafin ya kai saƙo da sauri, zinare ya hanzarta aikin. Gamin yana gane gas ɗan kaɗan, kuma ba ya buƙatar zafi sosai.

Abin kiyayewa:

1. Na'urar gas ɗin girki daban, ta hayaƙin janareto daban. A tambaya kafin a saya.
2. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, a kafa tasa ƙasa-ƙasa. Ɗayar kuwa kusa da ɗakin kwana.
3. Janareto a waje, nesa da taga.
4. In mutanen ɗaki suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, a fita da su iska, a garzaya asibiti. Nan ba wurin habbatus sauda ko manja ba ne.

Annabi (SAW) ya hore mu da kashe wuta kafin barci. Riƙo da sababi ba ya kore tawakkali.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin. A tura wa 'yan uwa.