Alƙalin Da Ba Ya Iya Gafartawa

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-15 da Romawa 3:19-26

Waɗanda suka yi lakwal har suka kai lise sun san sunan Albert Camus, wanda Faransawa suke kira Kamu. An haife shi a Aljeriya a shekarar 1913, ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1957, ya mutu cikin haɗarin mota a Faransa ran 4 ga Janairu 1960. Kamu bai ba da gaskiya ga Allah ba, bai kuwa ɓoye haka ba. Duk da haka ya hangi wani abu cikin zuciyar mutum wanda masu addini da yawa ba su son dubawa. Shi ya sa muka ɗauko shi cikin wannan darasi.

A 1942 ya yi rubutu a kan wata tatsuniyar Helenawa ta dā. Sisifas sarkin Koranti ne, birnin nan da manzo Bulus ya aika wa wasiƙu. Mai wayo ne ƙwarai, ya yaudari alloli, har an ce ya taɓa ɗaure Mutuwa. Sai allolin suka yanke masa hukunci: ya tura babban dutse zuwa bisa tudu, in ya kusa kaiwa dutsen ya gangaro, ya sauko ya sāke, har abada. Kamu ya ce haka zaman kowa yake a duniya, saboda haka mutum ya rungumi dutsensa, ya raina waɗanda suka ɗora masa. Wannan yana da sauƙi ga Sisifas, gama allolin Helenawa su ma mazambata ne. Hukuncinsu bai gyara kowa ba, bai biya wanda aka cuta ba.

Amma bayan shekara 14, a 1956, Kamu ya fitar da wani ɗan littafi mai suna La Chute, wato Faɗuwa. A ciki ba sauran allolin da za a ɗora wa laifi.

Mai magana cikin littafin yana kiran kansa Kilamans. Babban lauya ne a Paris, mai tsaya wa gwauraye da marayu. Yakan kama hannun makaho ya ƙetare da shi hanya. Kowa na yabonsa, shi ma yana yabon kansa. Wani dare cikin watan Nuwamba yana ƙetare gada bisa Kogin Sen, sai ya ga wata budurwa cikin baƙaƙen tufafi ta jingina da ƙarfen gada. Ya wuce. Bai yi nisa ba sai ya ji faɗuwar mutum cikin ruwa, ya ji kururuwa tana bin kogi, sa'an nan shiru. Ya tsaya cik, bai waiwaya ba. Ya tafi gida, bai gaya wa kowa ba, ya kuma ƙi karanta jarida cikin kwanakin da suka biyo.

Ba wanda ya gan shi. Ba jandarma, ba alƙali, ba gidan kaso. Amma bayan shekara biyu ko uku, yana kan wata gada da dare, sai ya ji dariya a bayansa. Ya juya, ba kowa. Daga nan ya soma ganin kansa yadda yake. Ya tuna ya taɓa tuɓe wa makaho hula bayan ya taimake shi. To, makaho ba ya gani. Ashe domin masu kallo ya yi.

Mai karatu, ka san wannan dariya? Littafi Mai Tsarki yana kiranta lamiri. Romawa 2:15 ta nuna har waɗanda ba su da Attaura suna da mai shaida a cikinsu, wanda yake ƙararsu.

Ga inda labarin ya yi ɗaci. Kilamans ya bar aikinsa ya koma Amsterdam ta ƙasar Holan, yana zama a wata mashaya, ya ba kansa sabon aiki: alƙali mai tuba. Yakan kama baƙo da hira, ya zayyana masa laifofinsa duka ba kunya. A hankali sai ya juya maganar daga “ni” zuwa “mu”, har baƙon ya ga fuskar kansa cikin labarin. Da haka Kilamans yakan sāke hawa bisa kowa. Tubansa tsani ne kawai. Har a ɗakinsa ya ɓoye wani zane na alƙalai masu adalci. Zanen na gaske ne, an sace shi daga wata majami'a a birnin Gant na Beljiyam a 1934, ba a same shi ba har yau. Abin da Kamu yake nufi a fili yake: adalci yana kulle cikin akwati, kowa ya zama alƙalin kowa, ba mai sallamar kowa. A ƙarshen littafin Kilamans ya yi fatan budurwar ta sāke faɗawa ruwa domin ya cece ta, nan da nan kuma ya tuna da sanyin ruwan, ya ji daɗi da lokaci ya riga ya wuce.

Irin wannan tuba ba a Holan kaɗai take ba. Akan ji ta a bakin mai cewa “dukanmu masu zunubi ne” domin kada a taɓa nasa zunubin. Akan ji ta har cikin majami'a, wurin ba da shaida.

Yanzu ka duba sarki Dawuda. Shi ma ya yi abu a ɓoye: ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin dāga. Ba kotun da za ta kira sarki. Sai annabi Natan ya zo da labarin mai arziki wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci nan take: mutumin ya cancanci mutuwa, zai kuma biya riɓi huɗu. Natan ya nuna masa shi ne wannan mai arziki. Ka ga dabarar ta yi kama da ta Kilamans, wato madubi. Bambancin shi ne Natan bai zo domin ya hau bisa Dawuda ba, aiko shi aka yi. Dawuda kuwa bai ce kowa ma yana yi ba. Ya amsa laifinsa a gaban Ubangiji, aka ce masa an kawar da zunubinsa. Amma yaron ya mutu, takobi kuma bai bar gidansa ba. Gafara ba ta mai da Uriya ba.

To, ina adalci ke nan? Alƙalin da ya saki mai kisankai haka kawai, mu da kanmu za mu ce ya ci hanci. Wannan tambaya ce Bulus ya amsa cikin Romawa 3:25-26. Allah ya jinkirta hukuncin zunuban dā, har da na Dawuda, ba don ya manta ba. Ya ajiye shi har ranar da Yesu Almasihu ya ɗauke shi bisa gicciye. Hukuncin ya sauka duka, amma Alƙalin ne ya sa kansa a ƙarƙashinsa. Ta haka Allah ya tabbata mai adalci, ya kuma baratar da mai ba da gaskiya ga Yesu. Kamu ya ga rabin farko sarai, cewa ba mai hannu fari. Rabi na biyu ne ya ƙi karɓa, shi ya sa ya bar lauyansa cikin mashaya yana ta maimaita laifinsa kowane dare, kamar Sisifas da dutsensa.

Ɗan'uwa, in kana da wata gada da ka wuce ba ka waiwaya ba, kada ka mai da ita abin hira. Ka kira laifin da sunansa a gaban Allah, ka roƙi gafara cikin sunan Yesu. In wanda ka cuta yana da rai, ka je wurinsa.

Kafin darasi na gaba ka karanta Zabura 51, addu'ar Dawuda bayan zuwan Natan, da Luka 19:1-10, inda Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da riɓi huɗu ga duk wanda ya zalunta. Ka lura ko ya yi alkawarin kafin Yesu ya karɓe shi ne, ko bayan haka.